Banki na kirana, kogin Offin na riƙe da ni

Assalamu alaikum Hajiya. Ni 'yar Aboabo ce a nan Kumasi, ina da miji da yara biyu. Na haura shekara goma ina aikin jarida, mafi yawansa a kan galamsey, wato haƙar zinare ba bisa ƙa'ida ba. Na shiga ƙauyukan bakin Offin da Pra, na ɗauko muryar manoman koko da aka tone wa gonaki, har littafi na buga da kuɗina, ga rabin kwafinsa nan jibge a ɗaki. Albashina ba ya kai ni ƙarshen wata, kuma ban taɓa karɓar soli ba, wato ambulan kuɗin da ake ba 'yan jarida bayan taro. Yanzu wani banki a Accra ya kira ni aiki a sashen da ke duba illar da bashi zai jawo wa muhalli kafin a bayar da shi. Albashin ya ninka nawa sau huɗu. Abokan aikina suna ta jifana da cewa kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Mma, mahaifiyata, ta ce ba za ta ci abincin da aka saya da kuɗin ruwa ba. Maigidana ya ce ya yarda, amma shi ba zai bar aikinsa a Kumasi ba. Na daina samun barci. Hajiya, in tafi ko in zauna?

'Yar Aboabo

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, 'yata.

Na fi karkata ga ki tafi. Na faɗa miki tun a nan don kada ki yi ta laluben ra'ayina a cikin dogon bayani. Amma akwai abu guda da sai kin gano shi kafin ki sa hannu a kowace takarda, kuma in amsarsa ta zo a karkace zan ce ki zauna: aikinki bankin nan yake so, ko sunanki?

Bari in fara sauke miki nauyin maganar abokan aikinki, don na lura ita ta fi cin ranki. Duk wanda ya san aikin jarida a ƙasar nan ya san abin da ake nufi da a ce mace mai yara biyu ta yi shekara goma tana mayar da ambulan ɗin da ake cusa wa 'yan jarida bayan taro, ta hau trotro ta koma gida jaka wayam. Da ke mai sayuwa ce, da tuni masu katafila sun saye ki, kuma da tayinsu ya fi na banki tsoka. Aikin ma ba talauci kaɗai ke cikinsa ba. A Janairun 2019 aka harbe ɗan jarida Ahmed Hussein-Suale a unguwar Madina ta Accra, shekaru suka yi ta wucewa ba a hukunta kowa ba. A Oktoban 2024 masu ɗauke da makamai suka tare Erastus Asare Donkor da abokan aikinsa a wani wurin haƙa a yankin Ashanti suka lakaɗa musu duka, mutumin da aka ba kyautar gwarzon ɗan jaridar ƙasa shekara guda kafin nan. Wanda bai taɓa biya miki kuɗin makarantar yaro ba, bai taɓa raka ki daji ba, ba shi ne zai yanke miki ranar da ya halatta ki gaji ba. Duk da haka karin maganar da suka jefe ki da ita akwai gaskiya a cikinta, zan zo kanta.

Ki dubi abin da ya gudana tun 2017. A shekarar ne kafafen yaɗa labarai suka haɗa kai suka hana gwamnati sakat a kan galamsey. Shugaba Akufo-Addo ya ce a shirye yake ya rasa kujerarsa a kan wannan yaƙi, aka tura sojoji da 'yan sanda da sunan Operation Vanguard, aka dakatar da ƙananan masu haƙa har Disambar 2018. Sai ga shi a 2022 an fito da dokar L.I. 2462 da ta buɗe ƙofar haƙa a dazuzzukan da aka keɓe. A Agustan 2024 kamfanin ruwa ya sanar cewa a matatar Sekyere Hemang, mai ɗebo daga Pra, ma'aunin laka a ruwa ya kai 14,000, alhali injinan an yi su ne don ruwan da bai wuce 2,000 ba, Cape Coast da Elmina suka shiga ƙarancin ruwa. Ku 'yan jarida kun sauke naku. Yau babu ɗan Ghana da zai ce bai san launin da Pra ya koma ba. Amma katafila ba ta tsaya ba.

Katafila kuwa wani ne ya biya kuɗinta aka sauke ta a tashar Tema. Wani ya ba da hayarta, wani ya ba da dizal bashi, wani ya ba yaran rami kuɗi tun kafin su wanke ƙasa da sharaɗin shi za su sayar wa zinaren. Ba zan ruɗe ki ba, da yawan wannan kuɗin hannu da hannu yake yawo, bai taɓa leƙa banki ba, don haka kada ki tafi da tunanin daga teburinki Offin zai washe. Sai dai dillalan manyan injuna, da masu gidajen mai, da kamfanonin da ke riƙe da lasisi, da masu fitar da zinare waje, dukansu suna da asusu, kuma suna neman bashi. Ita ma hukuma ta shiga cinikin: tun 2021 Babban Banki ke sayen zinaren cikin gida, a 2025 aka kafa GoldBod, hukumar cinikin zinare ta gwamnati. Tambayar daga wane rami wannan zinaren ya fito, wadda ke kika daɗe kina yi a rediyo, yanzu ta iso teburin masu kuɗi.

A Nuwamban 2019 Babban Bankin Ghana da ƙungiyar bankuna da hukumar kare muhalli ta EPA suka fitar da ƙa'idoji bakwai da ake son bankuna su bi wajen duba illar bashi ga muhalli da jama'a, da ƙarin bayani a kan fannoni biyar, ciki har da haƙar ma'adinai da noma da gandun daji. Kujerar da aka kira ki ki hau daga nan ta samo tushe. Abin da ke faruwa shi ne mai neman bashi ya kawo lasisin Hukumar Ma'adinai, da izinin EPA, da hotunan itatuwan da ya ce ya dasa. Yaron da ya fito jami'a da ƙwarewar lissafi ya duba hatimi ya ga daidai ne, ya wuce da fayil. Ke kuwa kin san mai lasisin da takardarsa ke nuna wani fili alhali injinsa na canfan na tsakiyar kogi. Kin san yadda ake cike rami guda ɗaya don ranar zuwan masu bincike. Kin san abin da za ki tambayi matar da ke ɗebo ruwa a Dunkwa, kin san inda hayaƙin zaiba ke zuwa in an ƙona ta a bayan gida kusa da yara. Wannan ilimin ba a samunsa a aji, kuma shi ya sa nake ganin tafiyarki za ta iya yin amfani.

To ga yadda za ki gane niyyarsu. Ki koma ki zauna da wanda zai zama shugabanki, ki tambaye shi a ƙarƙashin wa sashen yake. In a ƙarƙashin masu auna haɗarin bashi ne, alama ce mai kyau. In a ƙarƙashin masu talla da hulɗa da jama'a ne, aikinki zai ƙare a dashen itace gaban kyamara, da rabon riguna, da rubuta rahoton shekara mai kyawawan hotuna. Ki tambaya a wane mataki fayil ke isowa gabanki, kafin kwamitin bashi ya zauna ko bayan an gama a kawo miki ki cike gurbi. Ki ji ko ana rubuta ƙin yardarki a takardar zaman in kin ce a'a, da ko akwai mota da kuɗin mai da za ki je ki ga wurin da idonki. Sannan ki yi mai nauyin: su ba ki misalin bashi guda ɗaya, ba sai sun faɗi sunan mai shi ba, da aka hana ko aka sauya wa sharuɗɗa saboda maganar wannan sashe. In suka ce sashen sabo ne, su nuna miki inda aka rubuta ikonsa a tsarin ba da bashi na bankin. In babu misali, babu rubutu, kuma suna ta zumuɗin sa hotonki a sanarwa, to so suke ki zama kwaɗon da aka rataya a ƙofar shago ba a danna ba, mai wucewa ya ɗauka a kulle yake. Sunan da kika yi shekara goma kina ginawa, 'yan watanni sun ishe shi ya ƙare a irin wannan aikin, kuma ranar da ya ƙare su ma ba su da sauran bukatarki.

Ko da amsoshin sun yi kyau, akwai abin da za ki rasa, kuma nan ne abokanki suke da gaskiya. Ma'aikacin banki yana ɗaukar alkawarin riƙe sirrin abokan ciniki, dokar bankuna ta 2016 ta ɗora masa wannan, kuma nauyin ba ya sauka ko bayan ya bar aiki. Wata rana fayil zai iso gabanki ɗauke da sunan kamfanin da kika san ƙauyen da ya lalata, kin san dattijon da gonar kokonsa ta koma tafkin laka, kin sha ruwa a gidansa. Za ki rubuta ki ce a hana. Na sama da ke su dubi riba su amince. A da, kafin magariba labarin na rediyo. Yanzu ba ki da ikon ɗaga waya ki kira tsohon editanki, ko maigidanki ba za ki gaya wa sunan ba. Abin da ya rage a hannunki shi ne ki rubuta ƙin yardarki, ki kai maganar gaba a cikin gida, in an karya doka akwai dokar kare masu fallasa ta 2006 da ta tsara wa ake kai wa ƙara, in duk sun gagara ki ajiye aikin. Ki tambayi zuciyarki tun yanzu ko za ta iya ɗaukar wannan shirun. Akwai masu iyawa, don suna ganin ko kaɗan suka gyara, kaɗan ɗin ƙauyuka ne da mutane a ciki. Akwai waɗanda abin ke ci a hankali har ya zame musu ciwo. Wannan ba ni zan amsa miki ba, ke kika san irin ranki. Abin da nake roƙonki kawai kada ki yi rawa biyu, da rana ma'aikaciyar banki, da dare mai tura labari da sunan aro. Ranar da aka gano, kin rasa bankin, kin rasa jaridar, kuma waɗanda ke jin haushinki tun da can sun samu abin nunawa.

Inda ba zan sassauta miki ba shi ne amanar mutanen da suka yi miki magana. Manomin da ya nuna miki hanya, ɗan sandan da ya raɗa miki wa ke da injin, yaron ramin da ya yarda ki naɗi muryarsa, duk sun yi ne don ke 'yar jarida ce. Littattafan rubutunki da lambobin wayarsu da muryoyinsu ba kayan aikin banki ba ne, ko da amfani mai kyau kike nufin yi da su. Labaran da kika fara ba ki gama ba, ki miƙa su ga wani matashi a gidan jaridarku da kika yarda da shi, bayan kin nemi izinin masu labarin ɗaya bayan ɗaya. Ƙauyukan da suka saba kiranki in katafila ta shigo da dare, ki je da ƙafarki ki gaya musu kin canza aiki, ki haɗa su da wanda za su riƙa kira. Kada su ji a bakin wani. Ki kuma faɗa wa masu sauraronki a fili inda za ki. Littafinki kuwa, ki sa a rubuta a takardar aiki cewa naki ne, zai ci gaba da zama a kasuwa yadda yake ba a cire ko layi ba. In akwai abokin cinikinsu da sunansa ya fito a ciki, gara rigimar ta tashi yanzu kafin ki ɗauko kayanki.

Game da kuɗin, kada sau huɗun nan ta rufe miki ido. Banki ma yana faɗuwa, kuma mun gani. Bankunan UT da Capital sun rufe a Agustan 2017, a Agustan 2018 aka haɗe wasu biyar aka yi Consolidated Bank, a 2019 aka soke lasisin ƙananan kamfanonin bashi 347 da na masu juya jari 53, ma'aikata da yawa suka wayi gari a gida. A Disambar 2022 hauhawar farashi ta haura kashi 54 cikin ɗari, gwamnati ta sauya sharuɗɗan bashin da take ci a cikin gida, muka ga tsofaffi 'yan fansho zaune a ƙofar Ma'aikatar Kuɗi. In riba ta ragu, sashen da ba ya kawo kuɗi kai tsaye shi ake fara dubawa. Ki ɗauki biro ki cire hayar Accra, wadda mai gida zai nemi ta shekara biyu gaba ko da doka ta ce wata shida, ki cire kuɗin mota tsakanin Accra da Kumasi, da tukunya biyu a gida biyu, sannan ki ga abin da ya rage. Kada ki cire yara daga makarantarsu sai kin wuce watannin gwaji. Ki shirya ma zama ɗaliba: karanta lissafin kamfani fanni ne da kansa, akwai kwasa-kwasai a National Banking College da cibiyar ƙwararrun ma'aikatan banki, kuma wanda zai koya miki a ofis wataƙila ƙanin bayanki ne. Maigidanki ya kyauta, Allah ya saka masa, amma "na yarda" ba ta faɗi wa zai kai yara makarantar allo da yamma ba, ko sau nawa za ki zo gida a wata. Ku zauna ku tsara waɗannan dalla-dalla, har da tsawon lokacin da za ku gwada kafin ku sake duba maganar.

Na bar maganar Mma a ƙarshe don ita ta fi girma. Kada ki ɗauke ta a matsayin tsohuwar da ba ta gane zamani ba. Abin da ta faɗa yana da tushe: a Suratul Baƙara Allah ya ce ya halatta ciniki ya haramta riba, kuma hadisin da Muslim ya ruwaito ya haɗa mai ci da mai bayarwa da marubuci da shaidu biyu. Malamai sun yi saɓani a kan wanda ke aiki a banki alhali ba shi ke rubuta yarjejeniyar ruwa ba. Wasu sun hana gaba ɗaya, wasu sun duba irin aikin da halin da mutum ke ciki. Naki aikin yana kusa da inda ake amince wa bashi, don haka kada ki je wa malam da rabin labari don ki samo amsar da kike so. Ki ɗauki Mma ku je wurin malamin da ita ta yarda da shi, ki zayyana masa abin da za ki riƙa yi tun safe har yamma, ku ji tare. Ni ba zan ba ki fatawa ba, amma zan ce miki albashin da uwa ke kawar da kai daga gare shi ba zai yi miki daɗin ci ba, ko nawa ne. Ki yi istihara, ki nemi albarkarta da gaske.

In bayan haka ranki bai kwanta ba, ilimin da bankin ya gani a wurinki akwai wasu masu nemansa inda ba ruwa a tsakiyar ciniki. Tarayyar Turai ta kafa doka a 2023 da ke neman masu shigar mata da koko su nuna ba a sare daji don shi ba, kamfanonin sayen koko a nan yankin namu suna bukatar wanda ya san gonaki da manoma. A Janairun 2023 Bankin Duniya ya biya Ghana dala miliyan 4.8 saboda rage sare daji a yankunan koko, kuma tun 2020 akwai yarjejeniya da Suwizalan a kan cinikin rage hayaƙi. Irin waɗannan ayyuka sai da mai zuwa ya tabbatar abin da aka rubuta shi ne a ƙasa. Akwai masu zuba jari da ke shiga a raba riba da asara. Bankin da ba ya cin ruwa ma, irin Jaiz da ya fara a Najeriya a 2012, Babban Bankin Ghana ya ɗauko maganar tsara masa ƙa'idoji. Wasu cikin waɗannan ba sai kin bar Kumasi ba.

Ki roƙi bankin ya ba ki mako biyu. Ki je Accra ki yi musu tambayoyin nan baki da baki, ki dawo ku ga malam ke da Mma, sannan ki rubuto mini abin da suka ce a kan bashin nan guda ɗaya. Allah ya zaɓa miki mafi alheri, ya ƙara wa Mma lafiya.